A bar yara su yi wa aljanin littafi dariya

Jama'a, a rumfunan kasuwar Mbaiboum da tashar Touboro muna jin samari da 'yan mata suna kunna labaran soyayya a waya: aljani ya zo zance ya rasa kuɗin sadaki, ko fatalwar uwargida ta taso daga kabari tana kishi da amarya. Ana ta ƙyalƙyala dariya. Wasu dattawanmu sun ce a hana. Mu dai, da girmamawa, ba mu yarda ba.

Saka aljanu cikin labari ba yau aka fara ba. Tun 1934 Abubakar Imam ya haɗa Alhaji Imam da aljanu a Ruwan Bagaja, aka karanta aka yi dariya, ba wanda ya bar salla. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona littattafan soyayya. To, ga su nan sun koma WhatsApp, suna ƙetare iyaka ba ruwansu da duwan.

Akwai aljanu, ba ma musu. Amma ga abin da ke damunmu: yarinya ta faɗi da farfaɗiya, ko ta ƙi mijin da aka zaɓa mata, nan take sai a ce namijin dare ne ya aure ta. Uba ya kwashi kuɗin auduga ko jarin shago ya kai wa boka, har da baƙin bunsuru, alhali ga asibiti cikin gari. Wannan fa ba wanda ya ce a hana.

Yarinyar da ta saba yi wa aljanin littafi dariya, wataƙila ita ce za ta iya buɗe baki ta ce: "Baba, ba aljani ba ne, mutumin ne ba na so."