Ba a kiwon kare ranar farauta

A makon nan filin namu zai taɓo wata dabba wadda kowa ke amfana da ita, amma kaɗan ke son a ambace ta gaban manya, wato kare. Dalilin maganar shi ne wata ɗabi'a da ta shigo gidajen wasu ƴan kasuwa da ma'aikata: in an je Kwatano, Lome ko Legas, sai a sawo wa yara kwikwiyo mai nannaɗaɗɗen gashi kamar na ɗan rago, wanda Faransawa ke kira kanish. Watannin farko gida ya cika da murna. Kafin shekara ta zagayo kuwa, sai ka tarar an ɗaure shi bayan ɗaki cikin rana, ko an buɗe masa ƙofa an ce ya nemi gabansa. Laifin da ya yi bai wuce shiga ƙuruciya ba, mai shi kuwa bai san kare ma yana da tasa ƙuruciyar ba.

Ga yadda al'amarin yake. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28. Daga wajen wata 4 zuwa wata 7 suke zubewa, 42 na dindindin su maye gurbinsu, kuma ƙaiƙayin dasashi ne ke sa shi tauna takalmi, tabarma da ƙafar kujera. Daga wata 6 balaga ke kankama. Namiji ya fara ɗaga ƙafa yana fitsari a gindin kowane bango, hankalinsa ya koma waje. Karya kuma, galibi tsakanin wata 6 da shekara guda take fara neman namiji. Abin yakan ɗauki mako 2 zuwa 3, ya dawo bayan kimanin wata 6, in ta ɗauki ciki kuwa kwana 63 ne ta haihu. Wannan zango yakan kai shekara ɗaya da rabi, ga babban kanish har wajen shekara biyu. A cikinsa ne karen da jiya kana kira yana rugowa, yau zai dube ka ya kau da kai.

Masana sun auna wannan taurin kai. A shekarar 2020, Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle a Ingila, ita da abokan aikinta, sun wallafa bincike a mujallar Biology Letters a kan kwiyakwiyan da ake shiryawa domin jagoran makafi. Sun gano cewa a wata 8 karnukan sun fi jinkirin bin umurnin “zauna” in mai renonsu ne ya ba da shi, alhali in baƙo ne suna bi yadda suka saba. A wata 5 ba a ga haka ba, kuma zuwa wata 12 masu reno sun shaida cewa abin ya lafa. Duk uban da ya reni saurayi ya san irin wannan hali: a gida gardama, a waje ladabi. Ashe kare bai lalace ba, bai kuma manta abin da aka koya masa ba. Gaɓa ce mai wucewa, in an yi haƙuri da ita.

Abin lura shi ne, mutanen karkara ba su cika kuka da wannan gaɓa ba. Mu ɗauki Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, ko ƙauyukan Agye da Gazawa. Kwikwiyon manomi yana tashi ne cikin awaki, kaji da yara, don haka tun yana ƙarami ya saba da kowa. Da damina yana bin mai shi gona, da kaka yana kwana gindin rumbu, da rani kuwa, in gidan mafarauta ne, yana bin manyan karnuka daji yana ganin yadda ake tayar da zomo. Kafin magariba ya gaji, ba shi da sauran ƙarfin ɓarna. Magabata suka ce ba a kiwon kare ranar farauta: karen da zai yi amfani gobe, tun yau ake ciyar da shi, ake fita da shi, ake nuna masa aikinsa. Ko malamanmu da suka yi bayanin halaccin ajiye kare, gadin gona, tsaron dabbobi da farauta suka ambata, duka kuwa aiki ne.

To shi ma kanish ɗan aiki ne, duk da kwalliyar da ake yi masa. Sunansa ya samo asali daga kalmar da Faransawa ke kiran macen agwagwa da ita, domin aikinsa na fari shi ne faɗawa ruwa ya ɗauko agwagwar da maharbi ya harbo. A littafin da masanin halayya Stanley Coren ya fitar a 1994 kan basirar karnuka, kanish ne ya zo na biyu wajen saurin koyo da bin umurni. Dabba mai irin wannan kai, in aka kulle ta cikin gida daga safe har dare ba abin yi, ita za ta ƙirƙiro wa kanta aiki: tonon rami, yayyaga katifa, haushi ba dalili.

Saboda haka abin da ya kamaci mai kanish shi ne ya ari dabarar manomi ya kawo ta birni. A fita da shi sau biyu a yini, da sanyin safiya da bayan la'asar sakaliya, da doguwar igiya a wuya, domin a watannin nan in aka sake shi ba lalle ya amsa kira ba. A jefa masa ƙwallo ko guntun icce ya ɗauko, tunda aikin kakanninsa ke nan. Horo kuma ya zama gajere, minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a yini, da kalma ɗaya tak ga kowane umurni. In maigida yana ba da umurni da Faransanci, uwargida da Hausa, yara kuma da ihu, kare ba zai san na wa zai bi ba. In ya yi daidai a ba shi ɗan guntun nama nan take. In ya ɗauki takalmi, a karɓe a ba shi abin taunarsa. Sanda ba ta koya masa komai sai tsoro, kare matsoraci kuwa shi ne mai cizo. Sannan Alhaji da Mushe su sani, kare yana bin wanda ke ciyar da shi yana fita da shi. Wanda ya bar wa mai gadi dukan wannan aiki, kada ya yi mamaki in kare ya san mai gadi shi kuwa bai san shi ba.

Akwai kuma wahalar da ƙasarmu ke ƙara masa. Gashin kanish ba ya zubewa kamar na karnukanmu, tsiro yake yi ba tsayawa, kuma a watannin ƙuruciya ne laushin gashin yarinta ke sauyawa, ya riƙa cukurkuɗewa. Sai an taje shi a kai a kai, a rage masa shi kimanin kowane mako 6, amma kada a aske har fata, don rana na ƙona ta. Da kaka ƙarangiya na maƙale masa har tsakanin yatsu, kaska kuma na ɓuya cikin gashi da kunnuwa, sai an bincika bayan kowace fita. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a jihar Maraɗi, inuwa da ruwan sha su ne ransa. Wajen abinci, a kiyaye shi da albasa, tafarnuwa, cakulan da goro, domin suna yi masa illa, haka nan ƙashin dafaffiyar kaza da ke tsagewa cikin hanji.

Yanzu ga inda maganar ta shafi kowa, har wanda bai taɓa ajiye kare ba. Karen da aka kora yana ɗan wata 8 ba ɓacewa yake yi ba. Cikin karnukan titi yake shiga, can kuwa ciwon haukan kare yake yawo. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare ake ɗaukarsa. In alamunsa suka bayyana, da wuya ƙwarai a tashi. Alhali tun watan Yuli na 1885 Louis Pasteur ya ceci yaron nan Joseph Meister da allura, kuma masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi, ciwon yakan yanke. A kai kwikwiyo wurin likitan dabbobi ko ma'aikatar kiwo ta gunduma tun yana wata 3, a adana karnensa, a riƙa sabunta allurar yadda likita ya tsara. A kuma nemi shawararsa kan fiɗiya, in ba a son ƴaƴa. Wanda kare ya ciza ko ya yakushe, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya gidan likita ranar nan, kada a tsaya jiran a ga abin da kare zai zama.

Ga wanda bai riga ya saya ba, ya yi lissafi tukuna. Kanish yakan rayu shekara 12 zuwa 15, kuma kuɗin sayensa shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da zai ci. In gadi ake so, karnukanmu sun fi shi jure rana da ƙarangiya. Karen Azawak na Buzaye ma, tun farkon shekarun 1970 Turawa suka fara kai shi ƙasashensu, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin da ta amince da su. Wanda kuwa ya riga ya saya, ya sani amana ya ɗauka, ta dabbar da ba ta iya kai ƙara, da ta ƴaƴan maƙwabta masu wasa a ƙofar gida. Wata 8 ba lokacin kora ba ne, lokacin ƙara haƙuri ne, kuma mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Allah shi ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa.