Maharbin da Ya Kwana a Gadon Zaroff

A ranar 19 ga Janairun 1924 mujallar Collier's ta Amurka ta buga wani gajeren labari na Richard Connell mai suna The Most Dangerous Game. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan, amma har yau ana koyar da shi a makarantun sakandaren Amurka, masu shirya fim kuma ba su daina ɗiban ruwa a rijiyarsa ba. Yawancin masu karatu fuska ɗaya suke kallonsa da ita: wani gawurtaccen maharbi ne reshe ya juye masa da mujiya, aka farauce shi kwana uku, ya gane ashe dabba ma tana jin tsoro. Jiki magayi, in ji su. Ni kuwa duk sa'ad da na koma kan labarin sai in ga lallai jikin maharbin, Sanger Rainsford, ya gaya masa tsoro, amma ban ga inda ya gaya masa tausayi ba.

Sai an tuna zamanin kafin a fahimci mutumin. An haifi Connell a 1893 a garin Poughkeepsie na jihar New York, ya yi aikin jarida, ya kuma je Faransa da sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A lokacinsa farautar manyan namun daji ita ce ƙasaitar masu hali. A 1909, da Theodore Roosevelt ya sauka daga shugabancin Amurka, Gabashin Afirka ya nufa da ɗansa Kermit, su biyu suka harbe dabbobi fiye da 500, jaridu na yi musu kirari. Saboda haka mai karatu na 1924 da ya ci karo da Rainsford, mutumin New York da ya rubuta littafi kan farautar damisar ƙanƙara a Tibet, gwarzo ya gani, bai ga abin tuhuma ba.

Labarin ya buɗe ne da dare, a kan jirgin ruwa cikin tekun Karibiyan. Rainsford da abokinsa Whitney suna hanyar Amazon farautar jaguwa, wato damisar Kudancin Amurka. Whitney ya ce farauta wasa ce mai daɗi ga mai bindiga, ba ga jaguwa ba, domin ko ba ta san komai ba ta san tsoron ciwo da tsoron mutuwa. Rainsford ya yi masa dariya, ya ce zafin yankin ne ya fara narkar masa da zuciya. A ganinsa duniya kashi biyu ce, masu farauta da waɗanda ake farauta, su kuwa sun yi sa'ar faɗowa a kashin farko. Bai faɗi haka da mugunta ba. Ya faɗe shi ne da sakin jikin wanda bai taɓa tsayawa a gaban bakin bindiga yana jiran wani ya yanke masa hukunci ba. Ba a jima ba ya ji harbi uku daga duhu, ya hau ƙarfen gefen jirgi don ya leƙa, lofensa ya suɓuce, ya kai hannu, sai ga shi tsundum cikin teku, jirgi ya yi gaba.

Akwai abubuwa biyu da Connell ya ajiye a nan waɗanda mai saurin karatu yakan tsallake. Yana cikin iyo ya ji wata ƙara ta azaba da firgici, kuma duk sanin da ya yi wa kukan namun daji, ya kasa gane wace dabba ce. Mutum ne. Washegari da ya farka a tsibirin da ya yi iyo ya kai, ya iske ciyawa a tattake, ga jini, ga kwanson ƙaramin harsashi. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne jinjina wa maharbin da ya tunkari babbar dabba da ƙaramar bindiga haka. Wato tun kafin ya haɗu da mai tsibirin ya riga ya yaba wa aikinsa, a wurin da aka kashe ɗan Adam. Idonsa ya ƙware wajen karanta sawu, amma sawun mai bindiga kaɗai yake karantawa.

Sawun ya kai shi wani katafaren gida a kan dutse, inda wani basamude kurma kuma bebe mai suna Ivan ya tare shi da bindiga, sannan mai gida, Janar Zaroff, ya sauko ya karɓe shi hannu bibbiyu don ya karanta littafinsa. Zaroff ɗan ƙabilar Kosak ne, ɗan mai gonaki a Kirimiya, tsohon hafsan sojan dokin Sarkin Rasha, wanda ya bar ƙasar bayan juyin juya hali da dukiyarsa a ajiye a hannun jarin Amurka. Yana da shekara goma ya kashe beyar ta farko a tsaunukan Kokasus. Ya farauci komai a ko'ina har abin ya gundure shi, domin dabba ƙafa da ilhami kawai gare ta, shi kuwa yana son abin da zai yi tunani. Sai ya sayi tsibiri, ya dasa fitilun ƙarya a teku masu nuna wa jirage hanyar da babu ita, su faɗa kan duwatsu, ya kwashe ma'aikatan da suka tsira ya tara a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Yakan ba mutum abinci da wuƙa da tazarar sa'a uku, ya bi shi da ƙaramar bindiga. Wanda ya kai kwana uku ya ci. Wanda ya ƙi wasan a miƙa shi ga Ivan, wanda a da aikinsa bulala a fadar Sarkin Rasha.

A teburin cin abincin da Zaroff ya bayyana masa wannan, Rainsford ya yi abin a yaba. Ya kira abin da sunansa, kisan kai, ya ƙi shiga. Da Zaroff ya tuna masa ai ya yi yaƙi, ya amsa cewa yaƙi bai sa ya halatta kashe mutum da gangan ba. Ba na rage masa wannan. Sai dai hujjar Zaroff, cewa an yi rayuwa ne domin masu ƙarfi, raunana kuma abin nishaɗinsu ne, ita ce dai maganar da Rainsford ya yi wa Whitney a jirgi. Bambancin kawai inda kowa ya ja layi. Rainsford ya ja nasa tsakanin mutum da dabba. Zaroff ya matsar da nasa ya shigo cikin mutane, ya ware baƙaƙen fata da Sinawa da ma'aikatan jirgi 'yan Indiya da talakawan Turawa, ya ce doki ɗaya mai asali ya fi tarinsu daraja. Ana iya cewa tazarar nan babba ce, kuma babba ce ɗin. Amma Rainsford bai iya kawo dalili ko ɗaya ba ban da cewa su mutane ne, abin da Zaroff ya ce ai shi ya sa ma yake son su. Mutumin da ya yarda duniya kashi biyu ce ba shi da bakin musu idan wani ya zo da nasa rabon.

Mu ma muna da maharbin da aka farauta a tatsuniyarmu, inda ɓauna take rikiɗa budurwa ta auri maharbi, ta lallaɓa ta ji asirinsa, sannan ta ja shi daji ta koma kamanninta. A can dabbar ce take ramuwa da kanta, tana da baki, tana da hujja. A wajen Connell kan ɓauna yana rataye ne a bangon ɗakin cin abincin Zaroff, jaguwa kuwa ba ta ko fito ba. Rigimar duk tsakanin maharba biyu ce.

Da Rainsford ya ƙi shiga, sai Zaroff ya mai da shi abin farauta. Daren farko a daji shi ne inda marubucin ya fi nuna gwaninta. Rainsford ya yi ta karkata sawu irin na yanyawa, ya haye wata babbar bishiya ya kwanta a reshe, yana ganin shaiɗan ne kaɗai zai iya bin wannan sawu cikin duhu. Gab da asuba sai ga Zaroff. Ya tsaya a gindin bishiyar, ya kunna taba, idonsa ya bi kututture sama sannu a hankali, ya tsaya kafin ya kai reshen, ya yi murmushi, ya busa hayaƙi, ya juya ya tafi. Ya gan shi sarai, ajiye shi ya yi don gobe. A nan ne Rainsford ya san tsoro na gaskiya, ba tsoron mutuwa kaɗai ba, har da wulaƙancin sanin cewa ranka abin wasan wani ne.

To me tsoron ya haifar? Tarko. Da ya sauko bai tuna jaguwa ba, bai tuna Whitney ba. Ya haɗa tarkon mutanen Malaya da wani mataccen icce, wanda ya daki Zaroff a kafaɗa. Ya isa fadama mai taɓon da ke haɗiye mutum, ya haƙa ramin damisa irin na Burma ya kafa itatuwa masu tsini a ciki, yana tuna yadda ya haƙa ramin ɓuya a Faransa, ramin ya cinye ɗaya daga cikin karnukan da Zaroff ya fi ji da su. Da aka fito masa da garken karnuka, ya ɗaure wuƙarsa a jikin ɗanyen icce mai lanƙwasa, dabarar da ya koyo a Yuganda, ta kashe Ivan. Duk dabarun nan uku na mutanen da Turawa suka mulka ne, irin waɗanda Zaroff yake kira tarkace, su ne kuma suka tsirar da Ba'amurken. Ban ga laifin wanda ake bi da karnuka in ya kare kansa ba. Abin lura shi ne halin da yake ciki lokacin da ya ji ƙara daga ramin nan: ji ya yi kamar ya yi ihun murna, don ya zaci mutum ne ya faɗa. Wanda kwana uku da suka wuce ya kasa gane kukan ɗan Adam, yau shi yake jira ya ji.

Daga ƙarshe ya faɗa teku daga kan dutse. Zaroff ya koma gida ya ci abincin dare, abu biyu na damunsa, wahalar samun madadin Ivan da kuma kuɓucewar abin farautarsa. Ya ɗan karanta littafin Marcus Aurelius, ya shiga ɗakin kwana, sai ga Rainsford ya fito daga bayan labulen gado. Iyo ya yi ya zagayo. Zaroff ya taya shi murna, ya ce ya ci wasa. Rainsford ya ƙi karɓa, ya ce shi har yanzu dabba ce da aka ritsa. Zaroff ya ce to ɗayansu zai zama abincin karnuka, ɗayan ya kwana a gadon. Connell bai nuna faɗan ba ko kaɗan. Jimla ɗaya ya rufe da ita, inda Rainsford yake yanke hukuncin cewa gadon ya fi duk wanda ya taɓa kwanciya a kai.

Akwai uzuri, kuma ba ƙarami ba ne. Zaroff ya yi alkawarin sauke shi a gaɓa in ya ci, bisa sharaɗin ya yi shiru da bakinsa, Rainsford kuwa tun farko ya ƙi wannan sharaɗi. Alkawarin mai kunna fitilun ƙarya ba abin dogaro ba ne, kuma barinsa da rai barin farautar ne ta ci gaba. Amma Rainsford bai kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ba. Bai ce don mutanen da ke kulle ba ne. Akwai wajen mutum goma sha biyu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ma'aikatan wani jirgin Sifaniya mai suna San Lucar, kuma labarin bai sake ambatarsu ba. Mutumin da kwana uku da suka wuce ya kasa barci a gidan saboda jin abin da ake yi, yau ya kashe mutum biyu ya yi barci mai daɗi. Ba ƙasa ya sauka da mabuɗi ba, gado ya hau.

Abin da nake ɗauka daga nan ya shafi wata yarda da muke da ita, cewa wanda ya sha wuya zai tausaya wa na baya. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san ba dole ba ne. Yaron da ya fi shan duka a aji ɗaya, sau da yawa shi ne dodon ƙanana idan ya kai ajin ƙarshe, kuma hujjarsa ita ce ai shi ma an yi masa. Wuya takan koya wa mutum cewa ƙasa ba daɗi. Daga nan hanya biyu ce, ko ya ce kada a yi wa kowa, ko ya ce kada a sake yi mini. Ta biyun ta fi sauƙi, kuma ba ta buƙatar ya canza ra'ayinsa game da duniya, gurbi kawai zai canza. A duk labarin mutum ɗaya ne ya nuna tausayin abin farauta, Whitney, wanda ba a taɓa binsa da kare ba. Tunani ne ya kai shi, yana zaune lafiya a kan jirgi. Shi ɗin ma, in za a faɗi gaskiya, bai fasa tafiya Amazon ba.

Da kamfanin RKO ya mayar da labarin fim a 1932, da Joel McCrea a matsayin Rainsford da Leslie Banks a matsayin Zaroff, a cikin dajin da aka gina don fim ɗin King Kong, sai aka gyara wa jarumin zama. Aka ƙaro mace, Fay Wray, wadda zai kare, don faɗansa ya zama na ceton wani. Aka sa shi ya furta da bakinsa cewa yanzu ya san abin da dabbobin da ya farauta suke ji. Aka fitar da su biyu daga tsibirin a ƙaramin jirgi, Zaroff kuma ya faɗo daga taga cikin karnukansa. Masu fim sun ga gurbin da Connell ya bari, suka cike shi da tuban da babu shi a rubutun 1924.