RA'AYINMU: A Biya Yaran Magina Tun Gwanaye Ba Su Ƙare Ba

Duk mutumin Kwantagora da ke zaune a nan Kurmi, ko a Agege ne, ko Idi Araba, ko Sabon Badun, in dai yana zuwa gida ganin dangi, ya san abin da za mu faɗa. Zauren da kakansa ya bari ya tsage, azara ta leƙo, indararo ya faɗi, da an ce a nemo mai gyara kuwa sai a shiga kallon-kallo. Masu aikin bulo da siminti ga su nan birjik, amma maginin da zai ɗaura baka ya haɗa ɗaurin guga sai an tona, in an same shi ma tsoho ne, ba yaro ko ɗaya a bayansa.

Garin nan ba na jiya ba ne. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa shi a 1864, Turawa suka ci shi a 1901 zamanin ɗansa Ibrahim. Ginin ƙasa kuwa ba ya son a manta da shi, balle a Kwantagora inda damina ta fi ta Kano ƙarfi. Soron da ya yi shekara uku ba yaɓe ya kama hanyar zama kufai.

To, abin da aka saba yi idan hukuma ta tashi gyaran wani tsohon gini shi ne a ba ɗan kwangila, ya zo da tirela cike da siminti ya shafe, a yanka kirtani a watse. Mu a ganinmu wannan ɓarnar kuɗi ce. Siminti ba ya kama jikin ƙasa, ruwa yakan shiga tsakaninsu ya yi ta cin bangon ta ciki har ranar da zai zube gaba ɗaya. Magina na da maganin wannan tun kaka da kakanni: makuba daga ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina. Amma wannan ilmi ba a littafi yake ba, a hannu yake, kuma ba a ɗaukarsa a bitar mako biyu.

Me ya hana yara koyo? A da yaron magini yakan yi shekaru yana kwaɓa ƙasa yana miƙa tubali, ci da sha a gidan maigidansa. Yau maigidan kansa ba shi da aikin da zai riƙe shi, yaro kuwa yana da uwa da ƙanne masu jiran cefane. Sai ya hau mota ya sauka a Ikko ya kama acaɓa, ita ma a 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta hana ta a ƙananan hukumomi 6. Yawancinmu mun ga yaran nan suna kwana a zaurukan Sarakunan Hausawa da bakin masallatai.

Saboda haka kuɗin da muke kira a kashe na alawus ne: a biya gwani albashin koyarwa, a biya yaro abin da zai riƙe shi shekara uku cur, a kuma sa su aiki a kan gine-ginen gaske. Ba wani sabon abu muke nema ba, domin Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986, da ma da irin wannan tsari ta fara, na ajiye yaro a wurin mai sana'a ana biyan su duka biyu.

Kada wani ya ce ginin ƙasa aikin talauci ne. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, har kwafinsa aka gina a gidan tarihi na Jos don a riƙa gani. A ƙauyen Yama kuma, cikin Jihar Tawa ta Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara masallacin ƙasa a 1962, ya ci lambar Aga Khan ta duniya a 1986.

Muna roƙon Gwamnatin Jihar Neja da Majalisar Mai Martaba Sarkin Sudan su fara ƙidaya maginan gargajiya da suka rage a masarautar, su ware kuɗin a kasafin shekara mai zuwa. Ku kuma 'yan uwa da ke nan kudu, ƙungiyoyinku na 'yan gari da ke tara gudummawa duk wata ba za su kasa ɗaukar nauyin yaro biyu ko uku ba. Wanda kuma ke shirin aika kuɗi a rushe zauren gidansu a kafa bulo, ya fara tambaya tukuna nawa magini zai karɓa ya gyara shi kafin ruwa ya sauka.