Indiya ta ba damina magani, amma ba shi ake tallata mana ba

Da zarar hadari ya fara haɗowa, masu tallar "maganin gargajiyar Indiya" su ma sai su taso a WhatsApp da Facebook: garin kaza yana ƙarfafa jiki, ƙwayar kaza tana tsare mutum daga masassarar damina. Suna kiran abin Ayurbeda, suna cewa ilimi ne mai dogon tarihi. Tsufansa kam gaskiya ne. Abin da ba su faɗa shi ne abin da tsofaffin littattafan suka ce a yi da damina, don babu riba a cikinsa.

Littafin Charaka Samhita, ɗaya daga cikin tushen wannan ilimi, ya yi magana kan damina. A fahimtarsu wutar cikin da ke narkar da abinci tana yin sanyi in ruwa ya sauka, saboda haka a ci abinci marar nauyi, a guji ruwan kogi, a sha ruwan da aka tafasa ya huce. A jihar Kerala, inda ruwan ke fara sauka wajen farkon Yuni, har yau ana dama kunun shinkafa da saiwoyi a watan da suke kira Karkidakam, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Ba ni da ja da wannan. Zancen wutar ciki ba ya bayyana yadda kwalara ke kama mutum, amma wanda ya tafasa ruwansa ya rage wa kansa haɗari ko da bayanin da aka ba shi ba daidai ba ne.

Rigimata da kwalba da ƙwaya ce. A 2004 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sayi magungunan Ayurbeda 70 a shaguna, suka auna, suka tarar da dalma ko zaiba ko gubar arsenik a cikin 14. Ɗaya cikin biyar ke nan. Wani reshe na wannan ilimi ma da gangan yake sa ƙarafa a magani, da hujjar cewa an "tsarkake" su da wuta. Dalma ba ta san tsarki ba. Ƙwaƙwalwar yaro take ci.

Ga kuma tsiron giloy, wanda aka yi ta shansa a Indiya lokacin korona da sunan ƙarfafa jiki, kuma ake yaba shi don masassarar damina. A 2021 likitoci a Mumbai sun ba da rahoton mutane shida da hantarsu ta taɓu bayan sun sha shi. Ma'aikatar AYUSH, wadda gwamnatin Indiya ta kafa a 2014 don maganin gargajiya, ta musanta, ta ce wataƙila an rikita shi da wani tsiro mai kama da shi. To, mu ɗauka haka ne. Mai sayen gari a leda ta yaya zai gane wane tsiro aka daka masa? Shi kuwa kamfanin Patanjali, babban ɗan kasuwar wannan fage, a 2024 kotun ƙolin Indiya ta sa shugabanninsa, Baba Ramdev da Balkrishna, sun nemi gafara a jaridu saboda tallace-tallacen yaudara. Kotun ƙasarsu ce ta yi wannan, ba Turawa ba.

Na san za a ce ina kare maganin Bature ne. To, a ji wannan. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta faɗa wa sansanin ƴan gudun hijira a Bangaon, a Yammacin Bengal, ana tsakiyar damina. Ruwan ƙarin da ake sa wa a jijiya ya ƙare. Wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari da kanwar burodi a ruwa mai tsabta ana ba marasa lafiya su sha. Mace-macen da suka kai kusan 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da 4. Wannan ƴar ledar da ake ba uwa a likita in ɗanta na gudawa, can aka tabbatar da amfaninta. Ita ce maganin damina da Indiya ta ba duniya, an ƙirga waɗanda suka sha, an ƙirga waɗanda suka tashi, kuma ba ka taɓa ganin mai tallarta a Facebook ba.

Mu ma muna da namu ɗan Indiya a ƙofar gida: dogon yaro, da wasu ke ce wa bedi, asalinsa daga can ne. Inuwarsa ta yi mana rana daga Zinder har Tahoua. Amma uwar da ta kwana uku tana dafa wa yaro mai zafin jiki ganyensa, cikin Agusta ko Satumba, kwana uku ta ba masassarar cizon sauro ta cinye masa jini, sai ya fara taune-taune a ɗauko shi a guje. Gwajin jini a CSI minti ashirin ne. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar, kowane wata cikin damina, kyauta ake ba da shi. Kuɗin da za a zuba a garin da ba a san abin da ke ciki ba, ya isa a sayi sange da gawayin tafasa ruwa.