Faƙon da ke shayar da daji

Wanda ya taɓa leƙowa ta tagar jirgin sama a kan tuddan da ke gabas da Yamai, ya ga abin da matafiyin ƙasa ba ya gani. Dajin wurin a jere yake: layin itatuwa kore shar, sai layin faƙo wanda ko ciyawa babu, sai wani layin itatuwan, kamar an bi shi da garma. Faransawa suka laƙaba masa suna daji mai zanen damisa, irin damisar Asiya mai ratsi-ratsi. Babu wanda ya shuka shi haka. To, wa ya ja layukan?

Mafarin amsar yana Ingila. A 1952 Alan Turing, masanin lissafin nan da ya yi suna wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ya wallafa wata maƙala yana Jami'ar Manchester. Abin da ya dame shi shi ne yadda halitta ke fara wa daga ƙwayoyi iri ɗaya, ta ƙare da zane da siffa. Ya nuna da lissafi cewa sinadarai biyu da ke cuɗanya suna kuma bazuwa, ɗaya a hankali ɗaya da sauri, suna iya fitar da ɗigo-ɗigo ko ratsi-ratsi daga wuri bai-ɗaya. Wannan ya saɓa wa abin da ido ya saba gani, domin idan ka ɗiga shuni a ruwa bazuwa shafe bambanci take yi.

Na fi gane batun ta hanyar kasuwannin ƙauye. Kasuwa tana jawo 'yan kasuwa kusa da ita, idan ta cika ta ƙara jawo wasu. Amma ita ɗin ce ke hana wata kasuwar kafuwa a ƙauyukan da ke kewaye, saboda ta kwashe masu saye. Sai an yi nisa wata ke tsayawa da ƙafarta. Taimako a kusa, hani a nesa, sai ga tazara ta fito ba tare da wani hakimi ya auna ta ba.

Turing ya rasu a 1954, bai ga tabbacin maganarsa ba. Sai a 1990 masu bincike a Bordeaux ta Faransa suka fitar da irin wannan zane a ɗakin gwajin sinadarai. A 1995 kuma Shigeru Kondo na Japan da abokin aikinsa suka nuna cewa ratsin wani kifin teku yana motsawa yana rabuwa yayin da kifin ke girma, daidai da hasashen lissafin.

Mu koma tuddan Nijar, inda batun ya shafi abincin mutane da dabbobinsu. A nan ruwa ne da itace suke wasan. Tudun yana da ɗan gangare wanda ido ba ya lura da shi. Ƙasar faƙon ta daskare, ba ta shan ruwa, saboda haka ruwan sama da ya faɗo mata sai ya gangara har ya tarar da layin itatuwa, inda saiwoyi da ganyaye da gara suka sassauta ƙasa, ya nutse. Itacen da ke layin yana shan rabonsa da rabon faƙon da ke samansa. Da an raba ruwan daidai a ko'ina, da bai ishi daji irin wannan ba. A 1999 Christopher Klausmeier ya rubuta wannan cikin lissafi mai sauƙi, layukan suka fito a kwamfuta. Wasu masanan sun ƙara da cewa idan ruwa ya ci gaba da raguwa, zanen yana sauyawa, ciyayin su koma tsibi-tsibi kafin su ɓace. Har yau ana muhawara a kan ko za a dogara da wannan a matsayin gargaɗin kwararowar hamada, amma ko muhawarar ta cancanci kunnenmu.

Ga inda nake da magana. Tun da Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa a 2007, hoton da ke kan yawancinmu shi ne duk inda aka ga fili a cike shi da dashe. A daji irin wannan, wanda ya kafta faƙon ya dasa itace a ciki ya tare wa tsofaffin itatuwan ƙasa ruwansu. Haka mai sarar icen girki da ya yanke tsakiyar layi, ya buɗe wa ruwa hanyar wucewa. Manoman Tawa da ke haƙa tassa da rabin wata sun riga jami'an ofis fahimtar wannan, domin suna barin fili da gangan ya tara wa rami ruwa.

Ɗalibinmu na lissafi kuwa, a Kano ko Sakkwato ko Yamai, yakan kammala digiri yana tambayar ina amfanin abin da ya haddace. Hotunan tauraron ɗan'adam na waɗannan tuddai suna nan kyauta a intanet, lissafin Klausmeier kuma layi biyu ne kacal. Raƙuman dawa na Kure, waɗanda su ma zanen jikinsu ke cikin wannan tambaya, a cikin layukan nan suke kiwo da damina.