Cin Zalin Siniyoyi Ba Tarbiyya Ba Ne

'Yan'uwa iyaye, a watan Janairun 2022 duk Maiduguri ta girgiza da labarin wani yaro ɗan shekara 11 a Kwalejin El-Kanemi ta Ilimin Addinin Musulunci, wanda wani ɗan babban aji ya yanke shi a wuya da reza. Jaridu sun ruwaito cewa laifinsa shi ne ya ƙi zuwa aike. Aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, rai a hannun Allah.

Kowa ya yi tir. To amma mu tambayi kanmu: kafin a kai ga reza, sau nawa ake ƙwace wa yaro gari da sukarinsa, a sa shi wankin kayan siniya, a hana shi barci, a durƙusar da shi kan tsakuwa? Idan ya kawo ƙara gida, mu ne ke cewa, "Yi haƙuri, mu ma haka aka yi mana, kai ma za ka zama siniya." Da bakinmu muke koya masa cewa in ya samu dama ya rama kan na ƙasa da shi.

Illar ba ta tsaya a jiki ba. Yaro mai ƙoƙari sai a ga ya koma na baya a aji, ya daina magana, ranar komawa makaranta ya ƙirƙiro ciwon ciki. Wani ya tsere daga makarantar kwana, mu ce ya lalace, mu tura shi Kasuwar Monday ya tsare shago.

Akwai kuma wata cuta tamu, mu Hausawan Hausari da Gwange: "Mu baƙi ne, kada mu ja magana." Wane baƙunci, alhali an haifi kakannin wasunmu a garin nan? Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtar da kowa ko wulaƙanta shi, sashe na 42 ya hana nuna bambancin ƙabila ko asali. A wannan wata na Janairun 2022 ne kuma Gwamna Zulum ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta Jihar Barno.

Saboda haka in yaro ya yi ƙorafi, a duba jikinsa, a rubuta wa firinsifal takarda, a ajiye kwafi, a tayar da maganar a taron iyaye da malamai. In an yi kunnen uwar shegu, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofishi a Maiduguri, kuma ba a biyan ko kwabo wajen shigar da koke.