Jinjina ga Ambe, jirgin da ya kai sojojinmu Laberiya

Idan ana labarin yaƙin Laberiya, sunayen janarori ake kira: Arnold Quainoo na Gana, Joshua Dogonyaro namu. Ba kasafai ake tuna abin da ya ɗauki sojojin da kayansu ba. To yau shi za mu jinjina wa, wato NNS Ambe, jirgin dakon kaya da mayaƙa na rundunar sojan ruwan Najeriya.

A Hamburg ta Jamus aka ƙera shi tare da ɗan'uwansa NNS Ofiom, a ƙarshen shekarun 1970. Ba jirgin ado ba ne. Cikinsa fili ne na motoci da tankoki, gabansa kuma ƙofa ce da ake buɗewa su gangara tudu ko da babu tashar kirki. Mutumin Aliero ya san wannan hali: kowa na yabon albasa in ta isa kasuwar Legas, babu mai tambayar tirelar da ta sha hanya.

Ranar 24 ga Agusta, 1990, dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya bayan sun taso daga Firitawun. Ambe na cikin ayarin. Madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya riga ya ce ba ya maraba da su, mayaƙansa kuma suka tarbe su da wuta. Cikin wannan hali ma'aikatan jirgin suka sauke mutane da harsasai da abinci. Soja ko ya kai zaki jarumta, in babu shinkafa da albarusai ya zama abin tausayi. Waɗannan bayin Allah sun yi aikin da ba ya shiga jarida, Allah Ya saka musu, Ya jiƙan waɗanda suka rigu.

Rundunar sojan ruwan ma ta cancanci yabo, domin a 2022 ta karɓi NNS Kada, mai tsawon mita 100, wanda kamfanin Damen ya ƙera a Sharja don maye gurbin Ambe da Ofiom. A shekarar ya kai kayan soja Gini Bisau a aikin ECOWAS.

Sai dai da sauran aiki. Tsofaffin jiragen biyu sun daɗe da daina tafiya kafin magajinsu ya iso, kuma ƙasar da ke kiran kanta uwa a Afirka ta Yamma bai kamata ta zauna babu abin ɗaukar sojanta ba. Jirgi ɗaya kuwa, ranar da ya shiga gyara shi ke nan. A ware wa Kada kuɗin kulawa tun yana sabo, a kuma samo masa na biyu.

Tarihin ma yana neman mai riƙo. An ajiye NNS Bonny a gidan tarihin yaƙi na Umuwahiya, har yau ana zuwa kallo. Littattafan tafiyar Ambe da sunayen ma'aikatansa sun cancanci irin wannan gata. Mu kuma nan Kabi, daga Jega zuwa Maiyama, duk tsohon sojan da ya je Laberiya gemunsa ya yi fari yanzu. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su ɗauki na'ura su bi su gida-gida, su tambaye su wane jirgi ya kai su, me suka tarar a bakin tashar, kuma ko haƙƙinsu na fansho yana zuwa.